Rubutu Ba Lalle Ba Ne: Abin da Peter Greenaway Ya Yi wa Sei Shonagon

Akwai yabon da ya fi zagi ciwo. Mutum zai tsaya gabanka ya yi ta koɗa kyawun muryarka, alhali bai saurari ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba. Fim ɗin The Pillow Book, wanda daraktan Birtaniya Peter Greenaway ya fitar a 1996, irin wannan yabo ne. Kusan shekara talatin ke nan masana fim suna lissafa shi cikin manyan ayyukan da suka karrama rubutu, suna cewa ya ɗaukaka alƙalami da tawada, ya kuma farfaɗo da sunan wata marubuciya 'yar Japan da ta rayu shekara dubu da suka wuce. Ni kuwa ƙarata a kansa ita ce ya raba rubutu da aikinsa. Ya karɓe ma'ana daga hannun harafi, ya bar masa kyau kawai, sannan ya nemi mu tafa masa.

Kafin a yi nisa, a san cewa fim ɗin cike yake da tsiraici, na maza da na mata, kuma ba abin kunnawa a falo ba ne. Wanda wannan ya ishe shi dalilin ƙin kallo, ya isa, babu mai ja da shi. Sai dai a tsaya a nan kaɗai rangwame ne ga Greenaway, domin ya saba da wannan suka tun fim ɗinsa na 1989, The Cook, the Thief, His Wife and Her Lover, kuma ba ta taɓa rage masa kasuwa ba. Laifin da nake tuhumarsa da shi zai ci gaba da zama laifi ko da kowa a fim ɗin ya sa riga uku.

Labarin da fim ɗin ya bayar

Nagiko yarinya ce da ta tashi a Kyoto. Mahaifinta marubuci ne mai kyawun hannu. Duk ranar zagayowar haihuwarta sai ya ɗauki buroshi ya rubuta mata fatan alheri a fuska, ya sa hannu a ƙeyarta, yayin da gwaggonta ke karanta mata littafin Sei Shonagon, tana gaya mata cewa ranar da za ta cika shekara 28 littafin zai cika shekara dubu. A irin wannan rana ce kuma yarinyar ta hango abin da bai kamata ta gani ba: mai ɗab'in da ke buga littattafan mahaifinta yana karɓar ladan bugun daga jikin mahaifin, shi kuma ya sunkuyar da kai saboda abincin gidansa a hannun mutumin yake.

Mai ɗab'in ne ya haɗa aurenta da wani yaronsa wanda ba ya ƙaunar littafi. Mijin ya cinna wa kundin sirrinta wuta, aure ya mutu, ta gudu Hong Kong, ta zama mai tallan tufafi. Can ta shiga neman namijin da zai yi rubutu a jikinta yadda uba ya saba yi a fuskarta. Ta haɗu da Jerome, Bature ɗan Ingila mai aikin fassara. Hannunsa bai gamsar da ita ba, sai ya juya mata lissafi: ita ta yi rubutu a jikinsa. Da ta aika da rubutunta a takarda aka dawo mata da shi, ta gano cewa kamfanin na tsohon maƙiyin gidansu ne, kuma Jerome yana da alaƙa da shi. Suka shirya ta rubuta littafi a fatar Jerome ya kai wa mutumin. Dabara ta ci, amma Jerome ya daɗe a can, kishi ya kama ta, ta rufe masa ƙofa. Ya sha ƙwayoyi don ya tsorata ta da mutuwar ƙarya, sai ta zama ta gaske. Ta rubuta littafi na shida a kan gawarsa. Mai ɗab'in ya sa aka tono kabari, aka feɗe fatar, aka ɗinka ta littafi.

Sauran fim ɗin ramuwa ce. Nagiko ta ci gaba da aika masa littattafai a jikin maza ɗaya bayan ɗaya, har goma sha uku. Na ƙarshe, Littafin Matattu, a jikin wani ɗan kokawar sumo yake, ɗauke da jerin laifukan mai ɗab'in. Ya karanta, ya miƙa littafin fatar Jerome, ya miƙa wuyansa ga wuƙa. Nagiko ta binne littafin ƙarƙashin ɗan itacen bonsai, ta ɗauki buroshi ta yi rubutu a fuskar 'yar da ta haifa wa Jerome.

Ba za a hana fim ɗin haƙƙinsa ba. Sacha Vierny, wanda ya ɗauki hoton Last Year at Marienbad na 1961, shi ya riƙe kyamara. Emi Wada, wadda ta ci kyautar Oscar da tufafin fim ɗin Ran na Kurosawa, tana cikin masu suturar. Vivian Wu ta fito a Nagiko, Ewan McGregor a Jerome a shekarar da Trainspotting ya fito da sunansa, Ken Ogata a uba, Yoshi Oida a mai ɗab'i. Allon kallo yakan rabu gida-gida, ƙaramin hoto cikin babba, baƙi da fari a nan, launi a can, rubutu yana bi ta kan fuskoki kamar ruwa. An nuna shi a bikin Cannes na 1996. Ido ba ya ƙoshi da shi, kuma a nan matsalar take.

Matar da aka ari sunanta

Sei Shonagon ta yi hidima a fadar Heian, wato Kyoto ta yau, a ƙarƙashin Sarauniya Teishi, daga wajen shekarar 993. Ba a san sunanta na yanka da tabbaci ba; Nagiko ɗaya ne daga cikin sunayen da ake hasashe, shi ne kuma Greenaway ya ɗauka ya ba jarumarsa. Mahaifinta, Kiyohara no Motosuke, sanannen mawaƙi ne. Littafinta, Makura no Soshi, ya ƙunshi sassa kusan ɗari uku: jerin abubuwan da ke ba ta haushi, jerin waɗanda ke sa zuciya bugawa, labaran fada, tsokaci kan yanayi, kan wa'azi, kan baƙon da ba ya san lokacin tashi.

Abin da ya sa littafin ya rayu shi ne kaifin idonta da kaifin harshenta. Mace ce mai ra'ayi, mai raini wani lokaci, mai saurin amsa. A zamaninta maza ne ke da harshen Sinanci, harshen mulki da ilimi, mata kuma aka bar musu baƙaƙen kana da ake kira hannun mata. Sei Shonagon ta san adabin Sin har tana kayar da fadawa maza a wasan tuna baiti, abin da ya sa takwararta Murasaki Shikibu, marubuciyar Hikayar Genji, ta soke ta a kundinta da cewa mai nuna kai ce.

Akwai kuma siyasa a ƙarƙashin dariyar. Mahaifin Teishi, Fujiwara no Michitaka, ya rasu a 995. Ƙaninsa Michinaga ya karɓe iko, aka kori 'yan'uwan sarauniyar daga babban birni, ya kuma shigar da 'yarsa Shoshi fada ta zama kishiya mai ƙarfi. Teishi ta mutu wajen haihuwa tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Sei Shonagon ta ga duk wannan rushewa, amma ta zaɓi ta rubuta fadar uwargijiyarta a cikin haskenta, ba ta ba maƙiya daɗin ganin hawaye ba. Idan ana neman ramuwa da alƙalami, ga ta nan: yau duniya ta san Teishi ne ta idon baiwar da ta ƙi yarda a tuna da ita a matsayin wadda aka kayar.

Me Greenaway ya ɗauka daga duk wannan? Wata mace cikin tufafi masu hawa-hawa, a ƙaramin akwati a tsakiyar allo, tana furta kalmomi kan ƙamshin takarda da santsin fata. Maganar da aka fi yawan ɗaukowa daga fim ɗin ana jingina mata, wadda ke cewa abin dogaro a rayuwa biyu ne kawai, daɗin jiki da daɗin adabi, ba ta cikin littafinta. Greenaway ne ya ƙirƙira ya sa mata a baki. Ba a hana mai fasaha ƙirƙira ba. Amma idan ka ari sunan marubuciya da sunan littafinta, ka cire barkwancinta, ka cire siyasarta, ka cusa mata falsafarka, to ka yi mata abin da mai ɗab'in fim ɗinka ya yi wa Jerome: ka ɗauki fatar ka yar da mutumin. Kuma ba don rashin hanya ba ne. Arthur Waley ya fassara wani ɓangare na littafin zuwa Ingilishi tun 1928, Ivan Morris ya fitar da cikakkiyar fassara a 1967. Matar tana nan a kan kanta ga duk mai son jin ta bakinta.

Mai ƙin rubutu ya yi fim kan rubutu

Greenaway bai taɓa ɓoye aƙidarsa ba. An haife shi a Newport ta ƙasar Wales a 1942, ya koyi zane kafin ya shiga fim, kuma shekara da shekaru yana maimaita cewa abin da ake kira silima ba komai ba ne illa rubutaccen labari da aka yi wa hotuna, cewa fim bawan littafi ne da ya kamata a 'yanta. Ya kuma sha faɗin abin da ya ja shi zuwa rubutun Gabashin Asiya: a ganinsa can ne harafi da hoto suka zama abu guda, kana kallo kana karatu a lokaci ɗaya.

Wannan tunani tsoho ne a Turai, kuma rabinsa kuskure ne. Baƙaƙen Sinanci da Japan ta aro ba zane-zanen abubuwa ba ne da kowa zai kalla ya gane. Kaɗan ne daga cikinsu suka samo asali kai tsaye daga hoto. Mafi yawansu haɗi ne na ɓangare mai nuna ma'ana da ɓangare mai nuna furuci. Baƙaƙen kana kuwa, waɗanda Sei Shonagon ta yi rubutu da su, sauti kawai suke ɗauka, kamar yadda bakin boko ko na ajami ke yi. Harafin Japan yana zama hoto zalla ne a idon wanda bai iya karanta shi ba. Abin da Greenaway ya kira haɗuwar rubutu da hoto, rashin iya karatun mai kallo ne aka yi wa kwalliya aka ba shi suna mai daɗi. Roland Barthes ya riga shi zuwa wannan masauki a littafinsa na 1970 kan Japan, inda ya nuna jin daɗin zama cikin harshen da ba ya ji. Shi dai Barthes ya faɗa da bakinsa cewa ƙasar da yake bayani ƙirƙirarsa ce.

Dubi yadda fim ɗin ke tafiyar da littattafai goma sha ukun nan. Ana gaya mana sunayensu. Ana nuna mana jikin da ya ɗauko su: wannan mai ƙiba ne, wancan tsoho ne, wani an ɓoye rubutun a lungunan jikinsa, wani a kan harshensa, wani ruwan sama ya wanke shi kafin a kwafe. Dabarun suna da ban sha'awa. Amma abin da Nagiko ta rubuta fa? Da yawansa yana wucewa ba fassara, wanda aka fassara kuma yakan zo cikin baƙaƙe masu ƙawa da ke gudu kafin ido ya kama su, suna gasa da hotuna uku ko huɗu a allo ɗaya. Mai kallo zai fita bayan awa biyu ya iya siffanta kafaɗar kowane ɗan aike, amma ba zai iya cewa ko Nagiko marubuciya ce ta ƙwarai ko ta banza ba. Fim ne kan mace da ta zama marubuciya, wanda bai damu mu san abin da take rubutawa ba.

Mutum ɗaya ne a fim ɗin yake karatu da gaske, kuma shi ne mugun. Mai ɗab'in ne ke bin layi da yatsa, shi ne ke kiran magatakarda su kwafe kafin tawada ta goge, shi ne kalma ke yi wa tasiri har ta kai shi ga wuƙa. Mu masu kallo an zaunar da mu a kujerarsa, ana kawo mana jikuna muna ƙare musu kallo, amma an hana mu abu ɗaya da ya rage masa na mutunci, wato fahimta. An ba mu kwaɗayinsa, an riƙe iliminsa.

Abin da masu kare shi za su ce

Za su ce ƙawata rubutu a Sin da Japan fasaha ce mai zaman kanta, ana rataye ta a bango ana kallo kamar zane, don haka Greenaway bai yi komai ba face bin al'adar. Amsar tana cikin manyan ayyukan al'adar kanta. Yan Zhenqing, ɗaya daga cikin gwanayen hannu na daular Tang, ya rubuta ta'aziyyar ɗan ɗan'uwansa a 758, bayan an kashe yaron a tawayen An Lushan. Takardar cike take da gogewa da soke-soke, layuka suna karkacewa, tawada tana bushewa a bakin buroshi bai tsaya ya ƙara ba. Sinawa suna lissafa ta cikin mafi girman abin da hannu ya taɓa rubutawa, kuma dalilin shi ne mai karatu yana ganin inda baƙin ciki ya rinjayi hannun, a kan wace kalma, a wane layi. Cire ma'anar, abin da zai rage takarda ce mai datti. A fadar Heian ma, ana auna mutum da hannunsa, da launin takardar da ya zaɓa, da reshen furen da ya ɗaura wasiƙar a jiki, amma duk waɗannan suna hidima ne ga baitin da ke ciki. Kyakkyawan hannu da baiti maras kai abin dariya ne a wurin su Sei Shonagon.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san yadda ake rubuta Alƙur'ani da hannu a Kano ko Borno. Ana yaba hannu, ana yaba zayyana, ana bambanta jan wasali da baƙin harafi. Amma gwanin da ya tsallake kalma, kyawun hannunsa ba ya cetonsa. Sai an bi an duba an gyara. Kyau yana zuwa ne bayan daidai.

Ko a silimar Japan akwai wanda ya riga Greenaway rubutu a jikin mutum, ya kuma nuna yadda ake yi. A fim ɗin Kwaidan na Masaki Kobayashi, na 1964, akwai labarin Hoichi, makahon mawaƙi da fatalwa ke zuwa ɗauka kowane dare. Malaman ɗakin ibada suka rubuce jikinsa kaf da nassin addininsu don ya ɓace wa fatalwar, suka manta kunnuwa. Fatalwa ta zo, ba ta ga komai ba sai kunnuwa biyu a iska, ta fizge su ta tafi. A nan rubutu aiki yake yi. Inda yake akwai tsari, inda babu shi akwai jini. Ba sai ka iya Japananci ba kafin ka gane cewa kalmomin suna da nauyi, domin labarin ya gina kansa a kan nauyinsu.

Za su kuma ce fim ɗin labarin 'yantar mace ne: Nagiko ta fara a matsayin takarda, ta ƙare a matsayin alƙalami, maza suka koma shafukanta. Juyin yana da kyau a baki. Amma bi sawun alƙalamin. Uba ne ya fara sa mata shi a fuska. Jerome ne ya ba ta shawarar ta riƙe shi. Mai ɗab'i ne kaɗai mai karatun da take nema. Fushinta na uba ne da na masoyi. Babu wani abu a duniya da take son faɗa wanda bai ratsa ta ɗayan mazan nan uku ba. A ƙarshe kuma ta zauna tana maimaita al'adar uban a fuskar 'yarta. Kwatanta da matar da aka ce ita ce madubinta: an kawo wa Teishi tulin takarda mai tsada a lokacin da sarki ke sa a kwafe tarihin Sin a irin tasa, ta miƙa wa Sei Shonagon, ita kuma ta cika ta da abin da idonta ya gani da abin da ranta ya so. Ba ta jira mutuwar wani namiji ba kafin ta sami abin cewa. Mace ta ƙarni na goma ta fi ta Greenaway 'yanci, kuma shi ya san da haka, tunda ya karanta ta.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Za a ce fim ɗin suka ce ga harkar ɗab'i, inda mai jari ke cin marubuci da ransa, ya kuma ci gawarsa. Gaskiya ne, kuma nan ne fim ɗin ya fi rai. Duk marubucin da ya taɓa miƙa aikin shekaru ga wanda ke da injin bugu, ya koma gida yana jiran kira, zai gane sunkuyar da kan mahaifin Nagiko. Littafin da aka ɗinka da fatar mutum hoto ne da ba ya fita daga kai. Sai dai mai wa'azin ya faɗa ramin da yake gargaɗi a kai. Mai ɗab'in yana son littafin Jerome ne don ya shafa, ya sunsuna, ya mallaka. Kyamarar Greenaway ma haka take yi da rubutun Japan daga farkon fim zuwa ƙarshe. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Me ya shafe mu?

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar Turawa da Japanawa ce. Ciro takardar naira dubu daga aljihu ka duba. Akwai 'yan baƙaƙe a jikinta da ke cewa naira dubu, da Hausa, cikin ajami. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire irin wannan rubutu daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta cikar ƙasa shekara ɗari ta fito babu shi. A 2020 har kotu aka je a Legas ana neman a goge sauran, bisa hujjar cewa Larabci ne, alamar addini ce. Masu wannan ƙorafi ba su karanta abin da ke jikin takardar ba, siffarsa suka gani. Kalmomi biyu da aka rubuta don ɗan kasuwar da bai yi boko ba ya san kuɗin da ke hannunsa, suka zama hoto, hoton kuma kowa ya zuba masa abin da ke ransa.

Greenaway ya kalli harafin da ba ya karantawa ya ga sha'awa. Wani ya kalli harafin da ba ya karantawa ya ga barazana. Ɗaya yabo yake, ɗaya ƙiyayya, amma matakin farko iri ɗaya ne: a daina tambayar me rubutun ya ce. Daga ranar da aka yarda harafin wasu mutane ado ne, an yarda ke nan ana iya rataye shi, ana iya sayar da shi, ana iya goge shi, ba tare da an tuntuɓi masu shi ba. Na yabon ma ya fi wuyar magani, domin mai ƙinka kana iya ja da shi, mai sha'awarka kuwa yana ganin alheri yake yi maka.

Kuma kada mu ɗauka mun tsira. Mu ma muna da 'yan boko da za su sa tsohuwar takardar ajami a gilashi su rataye a ofis, baƙo ya tambaya me aka rubuta, a yi murmushi a ce tarihi ne. Muna da masu buga baƙaƙen da ba su iya haɗawa ba a jikin riga da katin biki don sun yi kyau. Rubuce-rubucen Nana Asma'u da na malaman Kano da Katsina ba su buƙatar a ƙara yaba kyawun tawadarsu; masu karatu suke nema. Wanda ya ji haushin abin da aka yi wa Sei Shonagon, ya fara duba bangon ɗakinsa.

Ban ce a ƙone The Pillow Book ba, ban kuma ce Greenaway ba gwani ba ne. Gwani ne, kuma gwanintarsa ce ta sa ɓarnar ta yi nisa: mutane da yawa a wajen Japan sun fara jin sunan Sei Shonagon ne daga gare shi, suka tafi da hoton wata mace mai raɗa kan fata da tawada. Abin da nake nema shi ne a daina kiransa fim ɗin da ya karrama rubutu. Lalle ana zana shi ne don a gani, ya yi kwanaki ya goge, ba wanda ya yi asara. Rubutu kuwa wani ne ke magana da kai daga nesa, wani lokaci daga nisan shekara dubu, kuma ladabin farko da ake yi wa mai magana shi ne a saurara. Wanda ke da awa biyu, ya nemi fassarar Ivan Morris ko ta Meredith McKinney ta 2006, ya buɗe ko'ina. Zai tarar da mace mai tsiwa tana ƙorafi kan sauro, kan kare mai haushi a lokacin da bai dace ba, kan masoyin da ke lalube yana neman mafici da asuba maimakon ya fita da mutunci. Zai yi dariya, zai ji haushinta, zai gane wani da ya sani a cikin mutanenta. Hakan na faruwa ne saboda an bar ta ta yi magana.